Lusaka: a tsaya a zaga, ko a kwana a wuce Livingstone?

Abban Zahra:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Shawara nake nema. Wurin aikinmu za su tura ni taro Lusaka, babban birnin Zambiya, cikin watan Yuli in Allah ya kai mu. Na yi niyyar in haɗa da hutuna in tafi da uwargida, don ta daɗe tana ƙorafin kullum ni kaɗai nake yawo. To duk wanda na tuntuɓa sai ya ce kada in ɓata lokaci a Lusaka, ana tashi daga taro in kama hanyar Livingstone mu ga magangarar ruwan Victoria. Don Allah wanda ya san garin ya faɗa min tsakani da Allah: akwai abin gani, ko zango ne kawai?

Ɗan Kwari:
Wa alaikumus salam. Gaskiya aka faɗa maka Alhaji. Na taɓa yada zango a garin, ban ga abin da zai sa mutum ya biya kuɗin jirgi dominsa ba. Ba teku, ba dutse, ba tsohon gari. Manyan kantuna ne irin su Manda Hill da East Park, sai cunkoson motoci safe da yamma. Mutumin da ya tashi yana ganin Dala da ganuwa da marinar Ƙofar Mata, me zai kalla a garin da ko shekara 150 bai yi ba? Ka kai Hajiya ta ga ruwa ku dawo gida.

Malamar Tarihi:
Ɗan Kwari, rabin maganarka gaskiya ce. Garin yaro ne. A 1905 layin dogo ya iso wurin, aka kafa 'yar tasha aka sa mata sunan wani mai gari da ke zaune a yankin. Sai a 1935 Turawan Ingila suka ɗauke hedikwatar Rodeshiya ta Arewa, wato Zambiya ta yau, daga Livingstone suka dawo da ita nan, saboda wurin ya fi kusa da tsakiyar ƙasa. Wanda ya je neman ginin shekara ɗari biyar zai dawo hannu rabbana, wannan ba gardama.

Inda na rabu da kai shi ne cewa babu abin gani. Daga lokacin da Zambiya ta sami 'yanci, ranar 24 ga Oktoba 1964, har zuwa 1990, da yawa daga waɗanda mulkin farar fata ya koro daga kudancin Afirka Lusaka suke fakewa. A can jam'iyyar ANC ta Afirka ta Kudu ta yi hedikwatarta ta gudun hijira, shugabanta Oliver Tambo ya shafe shekaru a garin. 'Yan SWAPO na Namibiya sun zauna, mutanen Joshua Nkomo na Zimbabwe sun zauna. Kuma ba a banza suka sha ba: a 1979 sojojin Rodeshiya, wato Zimbabwe ta yau, suka shigo har cikin Lusaka suka afka wa gidan Nkomo. Da aka saki Mandela a Fabrairun 1990, kafin watan ya ƙare ya sauka a Lusaka. In irin wannan yana taɓa zuciyarka, Abban Zahra, kwana biyu ko uku ba asara ba ne. In kuma hoto kawai ake so a ɗora a WhatsApp, to Ɗan Kwari ya fi ni gaskiya.

Ɗan Kwari:
Malama, ai wannan karatu ne, ana iya yin sa a kan gado a Kano. Ni abin da ido zai gani nake tambaya.

Malamar Tarihi:
To bari in faɗa maka abin da ido zai gani. A unguwar Chilenje akwai gida mai lamba 394, inda Kenneth Kaunda, shugaban ƙasar na farko, ya zauna da iyalinsa daga 1960 zuwa 1962 yana jagorantar neman 'yanci. Ɗan ƙaramin gida ne irin wanda Turawa suka gina wa ma'aikata baƙaƙe, an bar shi da 'yan kayansa, har da tsohuwar Land Rover da aka yi yawon siyasa da ita. Kana shiga za ka gane yadda aka tsara garin tun asali: manyan filaye da itatuwa a ɓangaren Turawa, 'yan ƙananan ɗakuna a ɓangaren masu ƙasa. Wannan rabon har yau yana nan a fuskar garin, sai dai yanzu aljihu ne ke raba mutane ba launin fata ba.

Daga nan ka bi titin Independence. Akwai gidan tarihi na ƙasa, a kusa da shi ga mutum-mutumin 'yanci, wani mutum ya ɗaga hannuwa ya tsinke sarƙa, wanda aka daɗe ana bugawa a jikin kuɗinsu. Gaba kaɗan ga Embassy Park, maƙabartar shugabannin ƙasa: Mwanawasa da ya rasu a 2008, Chiluba a 2011, Sata a 2014, Kaunda a 2021, Rupiah Banda a 2022. Duk wannan zagayen yini ɗaya ne in ka fita da wuri.

Dattijon Zaure:
Ku yi haƙuri in sa baki, yarana. Ina jin ana ta yabon Kaunda, ni kuwa sunan nan wani abu daban yake tuna min. Mu da muka yi wayo lokacin yaƙin basasa ba mu manta ba cewa a 1968 Zambiya tana cikin ƙasashe huɗu na Afirka da suka amince da Biyafara a matsayin ƙasa, ita da Tanzaniya da Gabon da Kwaddibuwa. A lokacin in aka ambaci Kaunda ko Nyerere a rediyo, tsaki manya suke yi. Ba na ce kada a je ba. Na ce dai in za a ba da tarihin mutum a ba da shi duka.

Malamar Tarihi:
Baba, Allah ya ƙara girma, gaskiya ka faɗa, kuma ba shi kaɗai ba ne abin da za a iya riƙe shi da shi. Ya mayar da ƙasar ta jam'iyya ɗaya tun farkon shekarun 1970, ya tsare 'yan adawa, kuma lokacin da farashin tagulla ya faɗi tattalin arziki ya durƙushe a hannunsa har ana layin garin masara. Amma a 1991 da aka matsa masa ya yarda aka yi zaɓen jam'iyyu da yawa, Chiluba ya kayar da shi, ya tattara ya bar gidan gwamnati ba tare da an zubar da jini ba. A shugabannin zamaninsa da suka shekara 27 a kan mulki, nawa ne suka yi haka? Abin mamaki, bayan nan sai aka gyara tsarin mulki a 1996 aka hana shi takara, wai iyayensa daga Malawi suka zo. Mutumin da ya karɓo wa ƙasa 'yanci aka ce ba cikakken ɗan ƙasa ba ne.

Kuma Baba, bayan yaƙi ai an shirya. Nijeriya ta zuba dukiya a yaƙi da wariyar launin fata har ana lissafa ta tare da ƙasashen da ke bakin daga, duk da nisanta. Tsofaffin Lusaka da suka san zamanin suna tuna wannan.

Dattijon Zaure:
Na ji, 'yata. Allah ya jiƙan magabata. Abban Zahra, in ka shiga gidan nan na Chilenje ka ɗauko mana hoton motar.

Na-Pillars:
Ku duk kun bar babban wuri. Yallaɓai, in ka je Lusaka ba ka je kaburburan 'yan ƙwallo ba, ban yafe ba. Ranar 27 ga Afrilun 1993 jirgin sojan da ya ɗauko 'yan wasan Zambiya za su Dakar buga wasan neman gurbin kofin duniya da Senegal ya faɗa teku jim kaɗan bayan ya tashi daga Libreville. Mutum 30 ne a ciki, 18 'yan wasa, babu wanda ya fita. Kalusha Bwalya ya tsira ne don yana PSV a Holan, shi ta can zai biyo ya same su. An binne su a gefen tsohon filin wasa na Independence, kuma saboda su aka sa wa sabon filin da ke kusa suna Heroes.

Abin da ya sa nake cewa namu ne: shekara ɗaya bayan haɗarin suka haɗa sabuwar tawaga suka kai wasan ƙarshe na kofin Afirka a Tunis, 1994, kuma mu suka tarar a can. Su suka fara ci, Amunike ya rama ya ƙara, aka tashi 2-1. Ni a ranar na yi murna amma wallahi da ɗan nauyi a zuciya. Sai a 2012 Allah ya share musu hawaye, a Libreville ɗin nan dai, suka doke Kwaddibuwa ta su Drogba 8-7 a bugun fenariti. Duk ɗan Zambiyar da ka ja shi da wannan hirar, ka yi aboki.

Ɗan Kwari:
Wato shawarar zauren nan ita ce mutum ya ɗauki matarsa hutu ya yi ta zaga maƙabartu da ita. Malama ta kai shi ta shugabanni, kai ka kai shi ta 'yan ƙwallo. Allah ya ba Hajiya haƙuri.

Abban Zahra:
Ɗan Kwari ka sa ni dariya a ofis. Amma maganarka tana kan hanya, ita ba ruwanta da ƙwallo. Akwai mata a zauren da suka taɓa zuwa? Ita damuwarta abinci, sai sallah, sai kasuwa.

Maman Haidar:
Ga ni, Yaya. Maigidana ya yi aiki a can na wani lokaci, na je na same shi. Ka ce mata ta kwantar da hankalinta wajen abinci, tuwon masara ne abincin ƙasar, suna ce masa nshima, da farar masara ake yi, kuma da hannu ake ci bayan an kawo ruwan wanke hannu. Bambancin a miya yake. Su ba sa malala miya a kan tuwo, 'yan kwanuka ake jerowa a gefe: ganye, wake, kifi, kaza. Akwai ifisashi, ganye ne da aka dafa da niƙaƙƙiyar gyaɗa, bakin Bahaushe ba zai ƙi shi ba. Akwai kapenta, 'yan mitsi-mitsin busasshen kifi daga tafkin Kariba da na Tanganyika. In an ce maka kazar ƙauye, to ita ce kazar Hausa tamu, ku nemi wannan. Sai dai abincinsu ba yaji ko kaɗan. Ta ƙulla yajinta a jaka, da ɗan man shanu in za ta iya. Za a kuma nuna muku soyayyun tsutsotsin itace a kasuwa, su abin marmari ne a wurinsu. Ni dai na gode na wuce, amma kada ta yamutsa fuska a gaban mai sayarwa, mu ma muna cin fara.

Nama shi ne abin lura, don alade yana da yawa a gidajen abinci. Ku tambaya kafin ku zauna. Unguwannin Kamwala da Emmasdale da Makeni akwai Musulmi da yawa, Indiyawa da suka yi kaka-gida tun zamanin Turawa da Somaliyawa da 'yan ƙasa, a can ake samun mahauta na halal da gidajen abinci ba wahala. In kun rasa, ku ci kifi.

Hijabi kuwa babu wanda ya taɓa yi min kallon banza. Mutane ne masu sanyin hali da son gaisuwa. Ta koyi muli bwanji, wato ina kwana ko ina wuni, da zikomo, na gode. Da Turanci za ku yi komai, amma waɗannan biyun suna buɗe fuska.

Ustaz Na-Gwale:
Ni da a ce ni ne, kuɗin tikitin Hajiya da na otal na haɗa na kai ta Umara. Amma kowa da niyyarsa.

Abban Zahra:
Allah ya gafarta Malam, ta je, kuma za ta koma in sha Allahu. Wannan dai albarkacin taro ne, tikitina ofis ya biya.

Ustaz Na-Gwale:
To Allah ya sa albarka. Tunda za a je, ga abu biyu. Zambiya ta ayyana kanta ƙasar Kirista tun 1991 zamanin Chiluba, daga baya aka sa a gabatarwar tsarin mulkinsu, amma ba a hana kowa addininsa, masallatai suna nan ana Juma'a. Musulmi dai 'yan kaɗan ne, kada ka sa ran jin kiran sallah daga ɗakin otal. Na biyu kuma shi ne wanda yake rikita mutanenmu: alƙibla. Mu mun saba gabas ita ce alƙibla har mun mayar da su abu ɗaya. A Lusaka Makka tana arewa ne, da ɗan karkata zuwa gabas kaɗan. Wanda ya duba mafitar rana ya tayar da sallah ya kauce sosai. Ka duba a waya ko ka tambayi 'yan'uwa a masallaci. Agogonsu kuma yana gaban namu da awa ɗaya.

Abban Zahra:
Wallahi wannan bai taɓa zuwa raina ba. Allah ya saka da alheri, Malam.

Dakta:
Bari in shigo da nawa ɓangaren kafin a tafi kasuwa. Na farko, sanyi. Ƙasar tana kudu da tsakiyar duniya, lokutansu a juye suke da namu. Damina daga Nuwamba zuwa wajen Afrilu, sanyi daga Mayu zuwa Agusta, zafi a Satumba da Oktoba. Ga shi Lusaka tana kan tudu, kusan mita 1,300 sama da teku. A Yuli da rana garau ne, amma da dare da asuba yakan sauka ƙasa da digiri 10, kuma gidaje da yawa ba abin ɗumama ɗaki. Mutum ya baro damina a Kano da 'yar shadda, ya sauka yana rawar ɗari. Ku ɗauki rigunan sanyi na gaske da safa.

Na biyu, katin rigakafin shawara, mai ruwan ɗorawa, ku tabbata yana cikin fasfo. Na uku, ruwan sha na gora kawai. An yi mummunar annobar kwalara daga ƙarshen 2023 zuwa farkon 2024, har filin wasan Heroes da Na-Pillars ya ambata aka mayar wurin jinya. Da damina ta fi tashi, Yuli da sauƙi, amma kariya ba ta da lokaci. Zazzaɓin cizon sauro yana nan, musamman in kun gangara wajen kogin Zambezi.

Na huɗu shi ne wanda nake so kowa ya ji. Dokarsu a kan magunguna tana da tsauri. Akwai sinadarin diphenhydramine da ke cikin wasu magungunan mura da tari da ƙaiƙayi, wanda mu a nan a kemis muke saya ba takarda, su kuwa yana cikin abin da doka ta sa wa ido, an sha tsare matafiya a kansa. Duk maganin da za ku ɗauka ya kasance cikin kwalinsa, da takardar likita. Su tiramol da maganin tari mai kodin kuwa ko a mafarki.

Ɗan Maraɗi:
Dakta mun gode. Ni tambayata, mu na Nijar da Turancinmu bai wuce gaisuwa ba, Faransanci yana aiki a can?

Maman Haidar:
Ba ya aiki, ɗan'uwa, sai in ka dace da 'yan Kwango, suna da yawa tunda maƙwabta ne. Akwai kuma 'yan Mali da Senegal da suka daɗe a harkar duwatsu masu daraja, amma sun fi yawa a arewa wajen Kitwe. A titin Lusaka Nyanja da Bemba ake yi, sai Turanci.

Ɗan Kwari:
Tunda an ambaci duwatsu, Alhaji ka ji wannan da kyau. Ƙasar tana da zumurrudu na gaske, tana cikin manyan masu haƙo shi a duniya. Saboda haka da an ga baƙo da babbar riga sai wani ya matso ya buɗe 'yar takarda ya nuna maka korayen duwatsu, wai daga rami aka sato, zai ba ka a araha. Fasasshiyar kwalba ce. In ma na gaske ne, fita da shi ba takardar izini laifi ne. Ko ta ina asara.

Malamar Tarihi:
Ashe dai Ɗan Kwari ya zaga garin fiye da yadda ya faɗa mana.

Ɗan Kwari:
Kasuwa na zaga, Malama, ita ce gidan tarihina. Kuma tunda an zo nan bari in yi adalci. Kasuwar Soweto tana da girma, kayan gwari da hatsi da gwanjo, su salaula suke ce wa gwanjo. Amma wuri ne na a riƙe waya da kyau, kada a shiga da fasfo, kuma a tafi da ɗan gari. Kamwala ita ce wajen yadi, shagunan Indiyawa a jere, atamfarsu da suke kira chitenge. Sai dai ina roƙon Hajiya, kada a ji 'yar Kano ta tsallake Kantin Kwari ta je Zambiya sayen atamfar da aka buga a Chana.

Maman Haidar:
Ai dole ta sayo ko turmi biyu ne na tsaraba, zanensu daban ne. Amma tsaraba ta gaske tana ƙauyen Kabwata, cikin gari yake. Tsofaffin zagayayyun ɗakuna ne masu jinka da Turawa suka gina wa leburori, aka rushe yawancinsu, aka bar kaɗan aka ba masu sassaƙa da saƙa. Za ta ga kwanduna na 'yan ƙabilar Tonga, da akussa, da kayan ado na tagulla. Ana ciniki sosai, farashin farko na baƙo ne. Ranar Lahadi kuma ana baje irin waɗannan kaya a filin ajiye motoci na Arcades. Kada dai a sayi komai na hauren giwa ko fatar dabbar dawa, ko an rantse muku halal ne.

In tana son dabbobi ba sai an yi nisa ba. Akwai gandun daji na Lusaka a bakin gari da aka buɗe a 2015, da raƙuman dawa da jakunan dawa, akwai kuma wurin rainon marayun giwaye da mafarauta suka kashe iyayensu, ana zuwa a ga lokacin da ake ba su madara. Yarana har yau suna zancen.

Injiniya:
Ni ina tsakiya. Lusaka ta cancanci kwana biyu, amma kada a yaudari Abban Zahra, ruwan nan shi ne dalilin da duniya take zuwa Zambiya. Faɗinsa ya haura mita 1,700, zurfinsa ya wuce mita 100, masu wurin suna kiran sa Mosi-oa-Tunya tun kafin David Livingstone ya gan shi a 1855. Kuma Yuli lokaci ne mai kyau. A Afrilu ruwa ya yi yawa har feshinsa yana rufe komai, ka jiƙe sharkaf ba ka ga abin kirki ba. A Oktoba da Nuwamba kuma ɓangaren Zambiya yakan ja baya har ka tarar da dutse tsirara. Yuli yana tsakani.

Daga Lusaka kusan kilomita 480 ne. Jirgi awa ɗaya da 'yan mintoci. Bas daga tashar Intercity yakan ci awa bakwai zuwa takwas, ta Kafue da Mazabuka mai gonakin rake da Monze da Choma. In da hali ku tafi a bas da safe ku ga ƙasa, ku dawo a jirgi. Kada ku yi tafiyar dare. Ku tuna kuma a hannun hagu suke tuƙi, wajen tsallaka titi dama za ka fara dubawa. Ban ba ka shawarar karɓar mota ka tuƙa da kanka ba, ka kira tasi ta manhaja, Yango tana aiki a garin.

Sai wuta. Yawancin lantarkinsu daga ruwa ne, madatsar Kariba da ta Kafue. Farin da aka yi a 2024 ya sa an riƙa ɗauke wuta kusan yini guda. Kafin ka biya masauki ka tambaya ko suna da janareta ko sola. Soket ɗinsu irin namu ne mai baki uku, ba sai ka sayi komai ba.

Na-Pillars:
Wato mutum ya bar ɗauke wuta a gida ya je ya biya dala a ɗauke masa.

Injiniya:
Aƙalla su suna fitar da jadawali.

Abban Zahra:
Wani ya ce min akwai jirgin ƙasa daga Lusaka har Darussalam. Da gaske ne? Sai na ji ina sha'awar mu dawo ta can.

Injiniya:
Akwai, TAZARA, amma ba daga Lusaka yake tashi ba, daga Kapiri Mposhi ne, wajen kilomita 200 arewa. Tsawonsa kilomita 1,860, Chana ce ta gina aka gama a 1975, don Zambiya ta sami hanyar fitar da tagullarta zuwa teku ba tare da ta bi ta hannun gwamnatin farar fata ta Rodeshiya ba. Tafiya ce ta kwana biyu in an yi sa'a, kuma sai ka nemi bizar Tanzaniya. Da kai kaɗai ne da na ce bismillah. Da iyali da ranar komawa aiki, ka bar shi wani jiƙon.

Ɗan Kwari:
Maganar biza ma ba wanda ya taɓo. Alhaji kada ka yarda da mai ce maka a filin jirgi ake bugawa. Ka nema ta shafin hukumar shige da ficensu tun da sauran lokaci, taka da ta Hajiya, ka buga takardar amincewa ka riƙe a hannu, da wasiƙar gayyatar taro, da shaidar otal, da tikitin dawowa. Koren fasfo ya gaji tambayoyi a ko'ina, ka amsa da sakin fuska. In kuna da niyyar tsallaka gada zuwa ɓangaren Zimbabwe ku ga ruwan ta can, to ku nemi biza mai shiga fiye da sau ɗaya, in ba haka ba kun fita kenan, ga kuma ta Zimbabwe daban. Kuɗi kuma dala sababbi za ka riƙe ka canza zuwa kwacha a wurin canji mai rajista. Kada ka dogara da katin naira. Jirgi daga Kano ta Addis Ababa ya fi sauƙi, in ta Legas ne akwai ta Nairobi.

Malamar Tarihi:
Mutumin da ya ce kada a je, shi ne ya fi kowa tsara tafiyar.

Ɗan Kwari:
Ban ce kada a je ba, na ce kada a daɗe. Har yanzu ina kan bakana.

Abban Zahra:
To ga abin da na tsayar, a gyara min in da kuskure. Taro zai ƙare Alhamis. Juma'a da safe Chilenje da gidan tarihi da Embassy Park, mu yi sallah a Kamwala mu ci abinci a can, ta ga atamfa. Asabar marayun giwaye da safe, Kabwata da yamma, in tsaya wajen 'yan ƙwallo don kada Na-Pillars ya riƙe ni a zuciya. Lahadi da sassafe mu hau bas zuwa Livingstone, mu dawo a jirgi. Soweto na cire ta, ban ga dalilin kai ta cikin turmutsutsu ba.

Maman Haidar:
Ya yi, Yaya. Amma wajen giwaye ka kira ka tambayi lokacin ba da madara tun ranar Juma'a, don ɗan taƙaitaccen lokaci ne, in kun makara sai dai ku ga shinge. Tikitin bas ma ranar Asabar za ka saya, kujerun gaba suna ƙarewa da wuri.

Dakta:
Ku fara maganin kariya daga zazzaɓi kafin ku tashi, ba sai kun isa Livingstone ba. Ka same ni ta akwati in rubuta maka wanda ya dace da ita, in tana da juna biyu ko tana shayarwa ka faɗa min.

Ɗan Kwari:
In kun shiga Kamwala ka tambayo min nawa suke sayar da turmi a sari, ka turo min da hoton bakin zanen.